Inshorar lafiya ga baƙo a Garwa: ta cancanci kuɗinta?

Malam, ka ce ka baro Kano ka tare a Garwa ta ƙasar Kamaru da iyalinka don kasuwanci, kana tambaya ko sayen inshorar lafiya ta kamfani ba asarar kuɗi ba ce. Ni dai ina ganin ka saya.

Katin inshorarka na Najeriya ba ya aiki a nan. CNPS kuwa, wato hukumar inshorar jin daɗin jama'a ta Kamaru, ta ma'aikata ce, fansho da haɗarin wurin aiki da kuɗin iyali take biya, ba ruwanta da jinyar yau da kullum. Shirin lafiya na gwamnati da aka ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga masu juna biyu, ƙananan yara da masu wankin ƙoda.

Zazzaɓin cizon sauro ba zai karya ka ba, kuɗin aljihu ma ya isa maganinsa. Abin tsoro shi ne ranar da likita zai ce sai Yawunde ko Duwala. Na ga maƙwabcina, ƙashin cinyarsa ya karye a kan babur, sai da matarsa ta sayar da ɗan kunnenta na zinariya kafin a ɗaga shi, ga kuɗin tiyata da ake so a ajiye tukuna.

Saboda haka kafin ka sa hannu, a karanta maka takardar, don da Faransanci take. Tambayi ko akwai kuɗin kai majiyyaci wani gari, da kuma asibitocin da ke karɓar katin kai tsaye. In akwai mai hawan jini ko ciwon sukari a gidan, faɗa musu tun farko, kar su ƙi biya daga baya. Allah ya ba da lafiya.