Mun rubuta ƙa'idojin aiki, ma'aikata sun ƙi bi. Yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce manajar wani kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata 30. Bara muka ɗauko ƙwararre ya rubuta mana kundin tsarin aiki mai shafi 84, tun daga karɓar oda har fitar da kaya daga sito. Muka yi taro, kowa ya sa hannu cewa ya karanta. Yau wata takwas ke nan, kowa na yin aikinsa yadda ya saba, kurakurai kuma suna nan. Ina tunanin fara yanke albashin duk wanda ya kauce. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye maganar yanke albashi tukuna, za mu dawo kanta. Ruwa ba ya tsami banza. Da mutum ɗaya ne ya ƙi bin kundin, sai mu ce taurin kai ne. Amma mutum talatin su yi watsi da abu ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba, to kundin ya kamata a fara tuhuma.

Duk inda aka kira ni kan irin wannan matsala, kundin nake ɗauka in je in tsaya kusa da mai aiki, in bi shi da ido mataki-mataki, ban ce masa uffan ba. Na taɓa yin haka a wani sito. Kundinsu ya ce ba a lodi sai manaja ya sa hannu a takardar fitar da kaya. To direbobi ƙarfe bakwai suke tashi, manaja kuwa sai tara yake shigowa. Mai kula da sito ya ga ko dai ya tsare motoci awa biyu kwastomomi su yi ta kira suna faɗa, ko ya yi lodi takarda ta biyo baya. Ya zaɓi na biyun. Manajan kuma in ya zo, sai ya zauna ya rattaba hannu a takardun kayan da tuni suka yi nisa a hanya, ko ɗaga kai ba ya yi. Wanda ya rubuta wannan sharaɗi bai taɓa leƙa wurin da sassafe ba. Abin da ya fi muni, da zarar ma'aikaci ya ga mataki ɗaya ba ya yiwuwa, sauran shafukan ma sun zube a idonsa.

Shi ya sa na fi yarda da yadda kamfanin Toyota yake yi: takardar tsarin kowane aiki, masu yin aikin da shugaban rukuninsu ne ke tsara ta, a liƙa ta a daidai wurin aikin, su kuma gyara ta idan suka gano hanyar da ta fi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙwararren da kika ɗauko bai yi laifi ba, amma wurinsa a tambaya ne da shiryawa, ba a ƙirƙiro yadda ake aikin da bai taɓa yi ba.

Sai batun tsawo. Babu mai buɗe shafi 84 ga direba tsaye a kansa yana jira. Ki bar babban kundin a kabad don koyar da sabon ɗauka da kuma masu binciken littattafan kuɗi. Na yau da kullum kuwa shafi ɗaya ne ga kowane aiki, a rubuta matakan da ake yawan mantawa da waɗanda kuskurensu ke da tsada, a bar abin da kowa ya sani. In da hali, matakin ya shiga cikin kayan aikin kansa: fom ɗin da ba ya fita daga kwamfuta sai an cike lambar oda ya fi gargaɗi goma.

Amma ko gajeriyar takarda ba ta aiki da kanta, kuma asibitoci sun ba mu hujja. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da ake tantancewa a ɗakin tiyata. Da aka gwada a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-macen bayan tiyata suka sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Daga baya lardin Ontario na Kanada ya wajabta irin wannan jeri, sai binciken da ya fito a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Takardar kusan iri ɗaya ce. A nawa fahimtar, bambancin shi ne a wuri na farko an koyar, an bibiya, ana karanta jerin da baki kowa na ji, a na biyun kuwa umarni ne ya sauko daga sama, kuma mutum na iya cike takarda bai yi abin da ke cikinta ba. Sa hannun da ma'aikatanki suka yi a taro irin wannan ne. Shaida ce cewa sun karɓa, ba cewa sun iya ba. Iyawa sai an nuna wa mutum, ya yi a gabanki yana faɗin dalilin kowane mataki, sannan a dawo a duba shi bayan kwana biyu.

Yanzu ga wadda ta shafe ki, kuma ki yi mini haƙuri. Sau nawa kika ɗaga waya kika ce, "A sakar masa kayan, babban kwastoma ne, takarda ta biyo baya"? Ma'aikata ba kundi suke karantawa ba, ke suke karantawa. In wanda ya tsallake mataki ya sallami mota da wuri shi ake yabawa, wanda ya tsaya kan ƙa'ida kuma a ce masa mai nawa, to kin riga kin faɗa musu ainihin dokar kamfanin. A 2001, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, likita Peter Pronovost ya rubuta matakai biyar na zura bututu a babbar jijiyar jini, ciki har da wanke hannu. Duk likitoci sun san su, amma suna tsallake wasu. Abin ya kankama ne da hukumar asibitin ta ba nas-nas ikon tsayar da likita in ya tsallake mataki. Ke ma ki tara su ki faɗa a bainar kowa cewa mai kula da sito yana da ikon ce miki a'a. Ranar da ya fara yin haka, ki gode masa a gabansu, ko da ranki ya ɓaci. Inda kuma dole a kauce, a tanadi hanyarsa a rubuce: wa ke ba da izini, a ina ake rubuta dalili.

To hukunci fa? Yana da wuri, amma ƙarami. Bayan an gyara matakin, an koyar, ke ma kina bi, wanda ya ci gaba da tsallake abin da ya shafi kuɗi ko lafiyar mutane da gangan, a ja masa kunne a rubuce. Yanke albashi kuwa ki duba dokar ƙwadago da yarjejeniyar ɗaukar aiki kafin ki taɓa, don ƙasashe da yawa sun taƙaita shi. Ko doka ta yarda ma, abin da yake haifarwa shi ne ɓoye kuskure da cike fom na ƙarya.

Kada ki kama kundin duka lokaci guda. Zaɓi aiki ɗaya da kuskurensa ya fi ci muku kuɗi, wataƙila fitar da kaya ne. Gobe ki riga direbobi isa sito, da kundin a hannu da biro, ki sa alama a duk inda aiki ya rabu da rubutu, sannan ki tambayi mai sito dalili.