Tambaya da Amsa: Kakin Kaka da Lambobinsa

Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, dukansu a kan tsofaffin kayan soja. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina tara irin waɗannan kaya a zaurena da ke Birni, tun ina koyarwa a lakwal. Zan daɗe a kan ta farko, domin ta taɓa mini wani tsohon miki.

TAMBAYA: Baba Mushe, barka da hutawa. Kakanmu tsohon soja ne na zamanin Faransa, ya rasu tun ina goye. Bana da muka tashi yaɓen ɗakin kakarmu kafin damina, sai muka jawo akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai rigar kaki mai maɓallan tagulla, da jar dara, da wani dogon jan ƙyalle, da bajo mai launi-launi a aljihun rigar, da lambobi uku. Ɗaya ƙyallenta rawaya ne da kore a gefe. Ɗaya kuma kamar gicciye take da takubba biyu, ƙyallenta shuɗi-shuɗi da ja a gefe, da ɗan tauraro a kai. Ta ukun tana da ɗan ƙarfe a kwance an rubuta EXTRÊME-ORIENT. Akwai kuma wani ɗan littafi da ya yi laushi. Wani dillali a kasuwar Dole ya taya lambobin da bajon jika arba'in, ya ce rigar da littafin ba ya so. Yayyena sun ce a sayar a sayi hatsi. Me zan ce musu? Ƴarka, daga Garin Malam.

AMSA: Ƴata, Allah ya jiƙan kakanku, ya sa ya huta. Kin yi kyan kai da kika tsaya kika duba kafin a kai kasuwa. Bari in fara karanta miki abin da ke cikin akwatin, domin kayan nan magana suke yi.

Ɗauki maɓalli ɗaya ki kai shi haske. Za ki ga anga a jikinsa, ƙarfen nan mai ƙugiya biyu da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya. Tun ina yaro abin yake ba ni mamaki, a ce ɗan Damagaram da bai taɓa ganin teku ba yana yawo da alamar jirgin ruwa a ƙirji da wuya. Dalilin shi ne sojojin da Faransa ke turawa ƙasashen da ta mallaka asalinsu na ma'aikatar jiragen ruwa ne. A 1900 aka mai da su ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi, aka sauya musu suna, amma aka bar musu angarsu. Rundunar baƙar fata da ke cikinsu, wadda tsofaffinmu ke kira tiraye, Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, ne ya kafa ta a can a 1857, shi ya sa sunan Senegal ya bi ta, ko da mutum Bahaushe ne ko Babarbare ko Bazabarme. Jar dara da jan ƙyallen nan da ake naɗawa a ƙugu su ne adonsu na fareti.

Lamba mai ƙyalle rawaya da kore ita ce Médaille militaire, wadda aka ƙirƙiro a 1852. Ta ƙananan sojoji ce da su sarjan da ajidan, ba a kuma raba ta kamar goro: sai an yi jarunta ko an daɗe ana aiki ba tabo. Juya bayanta, za ki ga an rubuta VALEUR ET DISCIPLINE. In kin ga 1870 a fuskarta kada ki ruɗe, shekarar kafa jamhuriyar Faransa ta uku ce, ba shekarar da aka ba kakanku ba. Mai takubba biyu ita ce Croix de guerre. Launin ƙyallen ne ke nuna yaƙin: kore mai siraran jajayen layuka na 1914 zuwa 1918 ne, ja mai koren layuka na 1939 zuwa 1945. Taku mai shuɗi da ja a gefe ta yaƙe-yaƙen waje ce, an fara ba da ita a 1921. Ɗan tauraron nan shi ne zancen. Kowane tauraro yana nufin rana ɗaya da aka kira sunan kakanku a gaban runduna aka karanta abin da ya yi. Na tagulla yabon rajima ne ko birged, na azurfa na runduna mafi girma. Ta uku kuwa Médaille coloniale ce, ƙarfen da ke kwance a kanta shi ke faɗin inda mutum ya yi aiki. In aka haɗa ukun nan, kakanku ya je Indosin, ƙasar Biyetnam da maƙwabtanta, a yaƙin da ya ƙare a 1954 bayan faɗuwar sansanin Faransa na Dien Bien Phu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Lambobin Faransa ba sa ɗauke da sunan mai su. An buga su dubbai, iri ɗaya sak. Ranar da aka cire su daga rigar nan aka raba su da ɗan littafin, sun zama ƙarfe kawai, ba mai iya cewa na wane ne har abada. Ɗan littafin da dillali ya raina shi ne littafin sojansa. A ciki akwai lambarsa ta shiga aiki, da shekarar da aka ɗauke shi, da sunan garinsu da na iyayensa, da ranar da ya hau jirgin ruwa da ranar da ya sauka. Shi ne bakin sauran kayan. Dillalin ya zaɓi abin da zai shiga aljihu ya wuce da shi ba wahala, can kuma a sayar da kowanne daban.

Na san wannan a jikina. Mahaifina ɗaukar dole aka yi masa, irin wadda aka kafa tun 1919, ta shekara uku, inda ake tara samari a gaban likitan soja a zaɓi masu ƙarfi. Yaƙi ya riske shi a ciki, yana cikin waɗanda suka sauka gaɓar kudancin Faransa a watan Agusta na 1944. Da ya rasu ina aiki a wani ƙauye arewa da Tanut. Kafin in samu mota in iso, wani baƙo mai bin gidaje yana sayen tsofaffin kaya ya riga ya wuce da lambobinsa biyu a kan kuɗin da aka yi sadakar bakwai da su. Littafinsa kuma aka bar shi a kan katanga cikin rumbu, gara ta cinye rabinsa. Ban zargi kowa ba, lokacin ana cikin fari, gidan ba hatsi. Amma daga baya abin ya dawo mana. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka da dokar 1959, sai a 2010 kotun tsarin mulkinta ta ce wannan bambanci ne, aka daidaita shi daga 2011 ga wanda ya nema da takarda. Gyatumarmu tana raye a lokacin. Mun sha wuya ƙwarai kafin mu tabbatar da lambar aikinsa daga rabin shafin da gara ta bari. Ban ce akwai kuɗi da ke jiranku ba, ƴata, kada ki kai wa yayyenki wannan albishir. Na dai ce takarda ta fi ƙarfen daraja. Da lambar da ke cikin littafin ana iya rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a kudancin Faransa a nemi tarihin aikinsa, watakila har da kalmomin da aka karanta ranar da aka ba shi tauraron nan.

Bajon aljihun alamar bataliyarsa ce. Juya shi. In kin ga Drago ko Arthus-Bertrand, maƙeran Paris ne. Adireshin da ke ƙarƙashin sunan Drago yana nuna zamani: titin Béranger ya riga titin Olivier Métra, shi kuma ya riga titin Romainville. In ba suna, aikin kuma ya ɗan yi kaushi, kada ki ce jabu ne. Sojoji da yawa a Indosin maƙeran can suka yi musu nasu, masu tara kaya kuma suna neman irin waɗannan ido rufe. Ina zaton bajon nan ne ya ja hankalin dillalin, ba lambobin ba.

Wani cikin yayyenki zai iya cewa ai kayan bautar Nasara ne, me za a yi da su. Ba zan musa masa gaba ɗaya ba. Masu irin wannan jar dara ne suka shigo garin nan a 1899 bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, suka gina barikinsu a kan duwatsu, aka mulki Nijar daga nan Damagaram daga 1911 har 1926 da aka mai da hedikwata Yamai. Ba na ajiye kayan nan don yabon Faransa. Ina ajiye su don mutumin da guminsa ya rina wuyan rigar, wanda ya bar gonarsa ya haye teku ya dawo, bai kuma iya rubuta labarinsa ba. Ku zauna da kakarku tun tana da ƙarfi, ki kunna wayarki ki ɗauki muryarta, ta faɗa miki yadda ya tafi da yadda ya dawo. Jika arba'in ba za ta kai gidan lokacin girbi ba. In dai yunwa ta matsa har ba makawa, to a sayar da komai tare ga wanda zai ajiye su tare, bayan kin ɗauki hoton kowane shafi na littafin. Amma ni dai roƙona a bar su a gida.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na sayi wani bajon tagulla a hannun wani ɗan Magarya. Hoton itacen dabino ne, a ƙasa an rubuta R.W.A.F.F. Ya ce mini na sojojin raƙuma ne na Agadas. Gaskiya ne? Ƙaninka, daga Zango.

AMSA: Malam, an sayar maka da abu mai kyau da labarin da ba nasa ba. Itacen nan na kwakwar manja ne, bajon kuma na sojojin Ingila ne na Afirka ta Yamma, rundunar da Lugard ya fara haɗawa a 1897. Harafin R na farko an ƙara shi a 1928, don haka naka bai girmi wannan shekara ba. Ba abin mamaki ba ne ya ɓullo ta Magarya, domin tsakaninta da Daura da Ɓaɓura dangi ɗaya ne, akwai gidajen da wa ya yi wa Faransa soja, ƙane ya yi wa Ingila. Su ma jar dara suke sawa ranar fareti, da ƴar jar falmaran mai ado rawaya, da gajeren wandon kaki, Hausa kuma ita ce harshen bariki a rajimar Najeriya. Waɗanda suka je Bama a yaƙin duniya na biyu runduna biyu ce: ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya, ta 82 kuma mashi biyu a gicciye da gammo a tsakiya, don tunawa da masu dakon kaya a ka cikin kurmi. In ka ci karo da ɗaya daga cikin ƙyallayen nan, kada ka bari ya wuce ka. Sojojin raƙuma na Faransa kuwa, bajonsu yakan ɗauki alamar nan ta Agadas da maƙeran Buzaye ke ƙerawa, sau da yawa tare da anga. Wani abin da zai amfane ka: lambobin Ingila na yaƙin 1914 zuwa 1918 suna da suna da lambar soja a bugge a bakinsu ko a bayansu, ka riƙa juya su kana duba gefe kafin ka taya.

TAMBAYA: Baba, ina son in wanke rigar sojan mahaifina in goge lambobin su yi ƙyalli, in sa su ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai. Da me zan goge? Ɗanka, daga Sabon Gari.

AMSA: Ɗana, kada ka wanke, kada ka goge, kada kuma ka sa. Na taɓa goge wani bajo da toka da lemun tsami, ruwan gilashin da ke fuskarsa ya tsage, zinariyar gefen ta tafi, har yau in na gan shi raina ɓaci yake. Duhun da tagulla ta yi shi ne shaidar shekarunta. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Jar dara da ɗamara ulu ne, ruwa da sabulu za su tsuke su, jan kuma ya zuba a kan kakin. Ka kakkaɓe ƙurar hunturu da burushi mai laushi, ka sha musu iska a inuwa sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, rana kuwa koɗar da su za ta yi. Naɗe rigar cikin wankakken farin alawayyo, ban da leda, ka sa kafur ko busasshen ganyen dogon yaro a ƙunshi daban don asu. Ɗora akwatin a kan bulo, nesa da bango, saboda gara. Cire duk allurar da ta fara tsatsa.

Maganar sawa kuwa, lamba ta wanda aka ba ce. Sannan a halin tsaron da ake ciki, farar hula cikin kaki a kan titi neman fitina ne, kayan sojojinmu na yanzu kuma ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. In kana son mutane su gani ranar salla ta ƙasa, shimfiɗa tabarma a zaure, ka baza rigar a kan farin ƙyalle, ka ajiye hotonsa a gefe da takarda mai sunansa da lambarsa da shekarun da ya yi, ka kira yaran unguwa su shigo.