Abincin gidan rasuwa: wa ya kamata ya dafa?

Hajiya, Allah Ya jiƙan maƙwabcinku, Ya ba iyalansa haƙuri. Kin tambaya ko iyalan mamaci ne za su ciyar da masu ta'aziyya a nan Garwa, arewacin Kamaru. A'a, maƙwabta ne. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su.

Ku raba kwana ukun zaman makoki gida-gida. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, da rana shinkafa. Kilo 1 yakan ishi mutum 7 zuwa 8. Da bazara zafin Garwa yakan haura digiri 40, miyar gyaɗa da aka rufe da zafinta tun hantsi kafin magariba ta yi tsami. A dafa kaɗan-kaɗan, sau biyu. Gumbar sadaka kuma a daka ta ranar da za a raba, don jiƙaƙƙen gero ba ya kwana.

'Yan ƙabilar Bamileke a yammacin Kamaru sukan yi babban taron ci da sha watanni ko shekaru bayan rasuwa; tasu al'adar ke nan. Mu dai, don Allah, kada a taɓa dukiyar marayu a sayo buhun shinkafa.