Tambayi Likita: Ko maganin hana barci zai washe min kai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 36, ina aikin lissafin kuɗi a wani ofis. Shekara tara ke nan da aka tabbatar min ina da ciwon baifola, wanda ke sa wani lokaci in hau sama da zumuɗi, wani lokaci in faɗa ƙuncin rai. Alhamdu lillahi, rabona da kwanciya asibiti shekara huɗu. Ina shan litiyam safe da dare, da kwetiyafin miligiram 300 idan zan kwanta, sai ƙwayar tazarar haihuwa. Damuwata yanzu kaina ne. Sai in karanta shafi ɗaya sau uku ban riƙe komai ba. Ina cikin magana kalma ta ɓace min. Ran nan na tura wa shugabana lissafin watan jiya a maimakon na wannan wata, ban ankara ba sai da ya kira ni. Barci ina yin awa tara ko goma, amma in tashi kamar an yi min duka. Maigidana har tsokanata yake yi, wai tun da na ƙara jiki na koyi minshari. Wata ƙawata mai irin ciwona ta ce likitanta ya rubuta mata modafinil, kanta ya washe tas. Ta ce za ta ba ni ƙwaya goma in gwada. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki karɓa. Ki yi wa ƙawarki godiya, don da kyakkyawar niyya ta yi, amma ƙwayoyin nan goma su zauna a jakarta.

Kafin in faɗi dalili, ki sani abin da kike ji ba sakaci ba ne, ba kuma raki ba. Mu likitocin ƙwaƙwalwa mun daɗe muna auna lafiyar mai baifola da abu ɗaya: ya daina hawa, ya daina faɗuwa, shi ke nan sai mu ce ya samu sauƙi. Daga baya muka yarda cewa da yawa daga cikinsu, ko da yanayinsu ya daidaita, tunaninsu yana nan a dushe: mantuwa, rashin tattara hankali, jinkirin fahimta. Ga wanda abincinsa yake cikin lambobi irinki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi modafinil a Faransa aka ƙirƙiro shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Provigil, don masu ciwon nan da barci ke kwashe su da rana tsaka ba shiri. A 2007 ƙaninsa armodafinil ya fito da sunan Nuvigil. A Amurka an yarda a ba masu wancan ciwon barci, da masu ɗaukewar numfashi cikin barci, da masu aikin dare. Hukumar magunguna ta Turai kuwa a 2010 ta taƙaita shi ga ciwon farko kaɗai, saboda illolin da aka gani a fata, da zuciya, da lafiyar ƙwaƙwalwa. Babu ɗaya daga cikin hukumomin biyu da ta amince da shi a matsayin maganin baifola. Likita yana iya rubuta shi duk da haka idan ya ga dalili, kuma da alama haka aka yi wa ƙawarki. Amma wannan hukunci ne na wanda ya san fayil ɗinta.

An gwada shi a kan masu baifola, ba zan ɓoye miki ba. A 2007 an wallafa wani bincike da aka yi da mutum 85 masu baifola da ke cikin ƙuncin rai. An ƙara wa wasu modafinil a kan magungunansu na tsawon mako shida, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Kashi 44 cikin ɗari na masu shan modafinil sun samu sauƙi sosai, a ɗaya ɓangaren kashi 23. Abin ya ba da sha'awa. Sai aka yi manyan gwaje-gwaje uku da armodafinil, ɗaya ya nuna amfani, biyu ba su nuna ba, kamfanin da ke yin sa ya haƙura da neman lasisi a kan wannan ciwo. Ki lura kuma, ƙuncin rai aka auna a duk waɗannan. Dushewar tunani ga wanda yanayinsa ya riga ya daidaita, wato halin da kike ciki, hujjar da ake da ita a kansa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da na fi gani a ɗakin duba marasa lafiya shi ne maganin yana buɗe ido, mutum ya daina gyangyaɗi a kan tebur. Buɗe ido daban, kaifin tunani daban. Wanda barci ne ke danne masa kai zai ce ya warke. Wanda matsalarsa daga wani wuri take, zai zauna ido biyu yana karanta shafin nan sau uku.

Babban abin da ke sa ni taka-tsantsan shi ne barci. Ga mai baifola, barci shi ne turken da aka ɗaure lafiyarsa. Kwana biyu ko uku na ƙarancin barci ya isa ya tayar da zumuɗi ga wasu. Modafinil kuwa yana daɗewa a jiki, sai bayan kusan awa 15 rabinsa yake fita daga jini. Gaskiya ne a gwaje-gwajen da na ambata ba a ga ya tayar da zumuɗi fiye da ƙwayar banza ba, amma mutanen duk suna kan maganin daidaita yanayi irin su litiyam, ana sa musu ido, na 'yan makonni kawai. Na taɓa duba wani matashi da ya samo shi da kansa lokacin jarrabawa. Kwanakin farko ya ce bai taɓa jin kansa garau haka ba. A kwana na biyar ya daina barci, ya fara tsara kamfanoni uku a lokaci ɗaya, yayansa ne ya kawo shi. Abin da ya sa wannan tarko yake da wuyar ganewa shi ne farkon zumuɗi da washewar kai kamanninsu ɗaya ga mai ciwon. Shi murna yake yi, na kusa da shi ne ke ganin an fara sakin layi.

Sannan akwai abubuwa biyu a wasiƙarki da suka sa na gyara zama. Modafinil yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Kwetiyafin yana cikinsu, don haka abin da ke tsare ki zai iya raguwa a jininki ba ki sani ba. Ƙwayar tazarar haihuwa ma tana cikinsu. Tana iya daina aiki yadda ya kamata, har zuwa wata ɗaya ko biyu bayan an daina modafinil ɗin. Idan ciki ya shiga a haka, an yi gargaɗi cewa modafinil yana iya jawo wa jariri nakasa, ga kuma litiyam da shi ma sai an yi shiri kafin a ɗauki ciki a kansa. Ko wannan kaɗai ya isa. Akwai kuma ƙuraje masu haɗari da yakan fesa wa ɗaiɗaikun mutane, har fata ta saluɓe, da ciwon kai, da bugun zuciya, da hawan jini.

To me za a yi da kan naki? Ni da ke ce a gabana, ba daga sabon magani zan fara ba, daga minsharin nan da maigida ke tsokanarki da shi zan fara. Kwetiyafin yana sa ƙiba, ƙiba tana matse hanyar iska a maƙogwaro, sai numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin dare sau da yawa, ƙwaƙwalwa tana farkawa ba tare da kin sani ba. Awa goma a kan gado, a tashi a gajiye: wannan hoton na san shi. Ana tabbatar da shi da gwajin barci, kuma yana da magani, wata na'ura ce mai hura iska ta hanci da dare. Wanda ya dace, cikin makonni yake jin bambanci.

Na biyu, litiyam. Shekara tara ba kwana tara ba ne. Yana iya rage aikin tayirod, halittar nan ta wuya da idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo, kuma mata sun fi kamuwa. Alamominsa su ne kasala, ƙara jiki, jin sanyi, mantuwa. Ba ki faɗa min yaushe rabonki da gwajin jini ba. Ƙa'ida ita ce duk wata shida a duba tayirod da ƙoda da sinadarin kalsiyam, a kuma auna yawan litiyam ɗin kansa, awa 12 bayan shan na dare. Galibi ana so ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.8 ga wanda ya daidaita. Idan ya haura, kai yakan yi nauyi, hannu ya riƙa rawa. Na ga wata baiwar Allah da ta kusa ajiye aikin koyarwa saboda mantuwa, ashe tayirod ne. Ƙaramar ƙwaya ɗaya da safe, bayan wata uku ta dawo tana ba ni labarin ɗalibanta da sunayensu. A haɗa da gwajin ƙarancin jini da bitamin B12, tunda an riga an huda hannun.

Shi kansa kwetiyafin yana iya kwana a kai har hantsi. Wani lokaci matso da lokacin shansa zuwa farkon dare, ko rage shi kaɗan-kaɗan, yana sauya safiyar mutum. Amma kada ki taɓa shi da kanki, shekara huɗun nan da wahala aka same su. Likitanki zai kuma tambaye ki ko akwai sauran ƙuncin rai da ya laɓe, don yakan zo ba da kuka ba, sai dai da nauyin jiki da na tunani.

Idan an bi duk wannan ba a samu komai ba, kuma barcin rana na nan yana hana ki aiki, ban ce a rufe ƙofar modafinil ba. Na rubuta wa wasu, wasu sun amfana. Sharaɗina shi ne mutum yana kan maganin daidaita yanayi, a fara da miligiram 100 ko ƙasa da haka da sassafe, a sauya hanyar tazarar haihuwa tukuna, a riƙa rubuta awannin barci kullum, kuma wani na gida ya san alamomin da zai kira ni a kansu. Idan bayan 'yan makonni babu bambanci a zahiri, a ajiye shi.

Kafin ranar ganin likitanki, ki sa maigida ya ɗauki sautin barcinki da waya na dare biyu ko uku, ya kuma lura ko numfashinki yana tsayawa sannan ki ja shi da ƙarfi kamar an shaƙe ki. Ki tafi da wannan, da takardar gwajin jininki na ƙarshe. Allah Ya ƙara sauƙi.