Amsa ga maman da ɗanta ya kai wata 14 bai fara tafiya ba

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, hidimar gida ce ta riƙe ni sai yanzu na samu zama, kuma na ga amsoshi sun yi miki yawa, wannan tace ki yaye, waccan tace ki nemo rubutu, wata tace a gasa masa ƙafa da ruwan zafi, shi yasa nace bari in rubuta miki da ɗan tsawo. Kiyi haƙuri ki karanta a nutse.

Abinda na fahimta, yaronki na fari ne, watansa 14, yana rarrafe, yana kama kujera ya miƙe har ya bi bango yana dafawa, amma ya ƙi sakin hannu ya taka. Ɗan facalarki da suke kusan sa'anni tun yana wata 10 yake yawo a tsakar gida. Hajiya, wato maman maigidanki, tace nono da yawan goyo ne suka ɗaure masa ƙafa, a yaye shi a kai mata, shi kuma maigidan yana so ya siyo keken nan da ake zaunar da yaro a ciki. Kina tambaya ko yaron na da matsala, kuma ki yaye ko a'a.

Dan Allah kar ki yaye shi saboda tafiya. Yaron da ke kama abu ya miƙe da kansa ya bi bango a wata 14 yana kan hanya, ƙafarsa tana ɗaukar nauyinsa, abinda ya rage masa kawai ya yarda da kansa ya saki hannu, kuma wasu yaran akwai su da tsoro, sai sun tabbatar ba zasu faɗi ba. Yarana biyar Alhamdulillah, ta biyun tun kafin ta cika wata 11 take tafiya, na ukun kuwa sai da ya kusa shekara ɗaya da rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya, abinci ɗaya. Lokacin nasa ba irin maganar da ban ji ba, har da masu tambayata a ɓoye wai ko ciki ne dani ya sha. Yanzu shi ne bana iya tsare shi a gida saboda ƙwallo.

Kuma wannan ba lissafin gidana kaɗai bane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe 5, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, tana rubuta lokacin da kowanne ya zauna ya miƙe ya taka, aka fitar da sakamakon a 2006. Tafiya ba tare da an riƙe yaro ba ta kama daga wajen wata 8 har kusan wata 18, duk a cikin lafiyayyun yara. Zama kuma daga wajen wata 4 zuwa 9. Har aka samu kamar yara 4 cikin 100 da basu yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, wasu jan gindi suka yi, wasu kawai miƙewa suka yi. Kinga kenan ɗan facalarki yana cikin masu sauri, naki yana cikin sahu, babu wanda ya fita daga layi. Ni abinda nake dubawa a yaro shi ne me yake yi a watan nan wanda bai iya ba a watan jiya, in dai ana samun ƙari to hankalina a kwance yake.

Maganar yaye ita ce tafi damuna, shi yasa zan daɗe a kanta. Nono baya ɗaure ƙafar yaro, wallahi baya yi. A shekarunsa ɗin nan nono yana ba shi wani kaso mai kyau na abincinsa, kuma ranar da zazzaɓi ko gudawa ta kama shi ya ƙi cin komai, nonon ne kaɗai zai karɓa. Ki duba yadda yayenmu yake a gidaje da yawa, rana ɗaya a shafa maɗaci a nono, a ɗauki yaro a kai gidan kaka, ya rasa nono ya rasa uwarsa lokaci guda, ya kwana yana kuka, ya ƙi abinci, sai koko tsararo ake ɗura masa. Na ga yara da idona da suka fara tatata, aka yaye su haka, suka zube suka koma zaune, wani ma har tamowa. To yaron da ake so ƙafarsa tayi ƙwari shi za a cire wa abinci? Allah da kansa ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, yana nan a Suratul Baƙara aya ta 233, ma'aikatan lafiya ma shekara biyu suke cewa ko fiye. In lokacin yayi ki yi shi a hankali, ki fara rage na rana, ki bar na dare zuwa ƙarshe, yana gabanki kina ganin cinsa. Ko da ciki ne ya shiga, wato kwanika, nonon baya zama guba kamar yadda ake faɗa, sai dai uwar ta ƙara cin abinci ta kuma faɗa musu a wajen awo.

Abinda baki faɗa mana ba shi ne me yake ci. A wata 14 ya kamata yana cin abinci sau 3 zuwa 4 a rana banda ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a kwanonsa shi kaɗai don ki san iya abinda ya shiga cikinsa, in aka haɗa shi da manyan yara kafin ya kai loma biyu sun sharce. Koko mai ruwa cika ciki kawai yake. Ki dama masa kunu mai kauri wanda in kin karkata cokali baya zubewa da sauri, ki sa gyaɗa ko madara. Ni gero nake soyawa sama-sama da waken suya da gyaɗa, a kai inji a niƙo, in zuba a roba mai murfi, kullum in ɗiba in dama. Sai faten wake da manja, faten dankali da alayyahu, kabewa, dafaffen ƙwai, ɗan kifi ki cire ƙaya ki murmushe, hanta in an samu, garin zogale a miya, ayaba, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Nasan yadda kasuwa take yanzu, ba sai an haɗa duka ba, ko wake da gyaɗa da ganye aka riƙe da ƙwai ɗaya lokaci-lokaci zaki ga bambanci. Madara ko nonon shanu ko ƙananan kifi da ake dakawa da ƙashinsu suna da amfani ga ƙashi, don binciken da likitoci suka yi a Jos a shekarun 1990 ya nuna yawancin yaranmu masu lanƙwasar ƙafa ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a abincinsu ya jawo, tunda rana kam muna da ita. Amma ɗan bakan da ake gani a ƙafar yaro kafin shekara biyu yawanci da kansa yake miƙewa, kar wannan ya tsorata ki.

Keken da maigida yake son siya, ki lallaɓa shi ya bar kuɗinsa. Wanda ake zaunar da yaro a tsakiya ƙafa na reto baya koya tafiya, yaro kan saba da tura ƙasa da yatsu, kujerar ce ke ɗauke da shi, ga haɗari, cikin ƙiftawar ido ya isa murhu ko ya kifa a dandamali. Ƙasar Kanada tun 2004 ta hana sayar da shi gaba ɗaya saboda raunukan da yara ke ji. Namu na katako mai ƙafa uku da kafintoci ke yi, wanda yaro ke tsayawa a baya yana turawa, ya fi shi nesa ba kusa ba, in dai akwai babba a kusa kuma ƙasan a daidaice take. Ko kujerar roba ko kwali mai ɗan nauyi ya isa.

Goyo kuma, a nan Hajiya tana da ɗan gaskiya kaɗan. Goyo baya lalata ƙafa, duk a baya muka tashi, amma yaron da yake bayanki daga safe har la'asar yaushe zai gwada? Ki share wuri ki shimfiɗa tabarma ki sauke shi, ba takalmi, tafin ƙafarsa ya ji ƙasa. Ki ajiye abinda yake so a kan kujera ɗaya shi yana riƙe da ɗayar, ki ɗan nisanta su kaɗan yadda sai ya saki kafin ya kamo. Ki durƙusa a gabansa ki miƙa hannu kina masa tatata, in ya faɗi da gindi kar kiyi salati da ƙarfi ki zabura, fuskarki yake kallo, in ya ga kin firgita shi ma zai ji tsoron sake gwadawa. Ki bar shi cikin yara, har da ɗan facalar taki, yara suna jan junansu fiye da yadda mu zamu iya.

Amma bazan ce miki kowane jinkiri lafiya bane, don na ga ɗayan ɓangaren a danginmu. Yarinyar ƙanwar mijina tayi shawara mai tsanani satin da aka haife ta, ido yayi ɗorawa, aka tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Ta wuce wata 9 bata zama, wuya baya tsayawa sosai, jikinta wani lokaci ya sanƙare, kowa na cewa ƙiwa ce zata yi, aka ɗauki lokaci kafin a kai ta. Da aka fara mata gashi a sashen fisiyo ta samu ci gaba sosai, yanzu tana takawa, amma su kansu ma'aikatan sun ce da an kawo ta da wuri da aikin ya fi sauƙi. Don haka in kin ga yaro ya kai wata 9 baya zama, ko ya shekara in an tsayar da shi ƙafar bata ɗaukarsa, ko ɓari ɗaya kawai yake amfani da shi yana jan ɗayan, ko ƙafafun suna harɗewa su sanƙare, ko jikin yayi laƙwas, ko kuma abinda ya iya da ya daina, wannan ba a jira. Haka in ya cika wata 18 bai taka ba, a je a duba ko da komai nasa yana da kyau. Ƙafar da take lafiya ta saki farat ɗaya kuwa ranar za a tafi asibiti, duk da an tabbatar da Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020 har yanzu ana bibiyar irin wannan. Sannan ki tuna baya, bakwaini ne? In eh to ki cire watannin da bai cika a ciki ba daga lissafinki. Yayi kuka da aka haife shi? Ya taɓa jijjiga ko sanƙarau? Hannu da ƙafarsa suna kumbura yana kuka? Wannan na ƙarshen a gwada jininsa saboda sikila. In a Kano kike akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, akwai na Malam Aminu Kano, akwai na ƙashi a Dala, amma ki fara da asibitin unguwarku su zasu tura ki in da buƙata.

Wani abu da na ga wata ta rubuto miki, wai haƙori ne ke hana shi tafiya ki siyo maganin haƙori. Dan girman Allah ki kiyayi magungunan nan. Waɗanda suka yi goyo a 2008 basu manta da My Pikin ba, maganin haƙorin da aka samu guba a ciki, yara sama da 80 suka rasu a ƙasar nan. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma gudawa mai yawa da zazzaɓi mai zafi ciwo ne daban, lokacin ne dai yazo ɗaya da sanda yaro ke wawurar komai yana kaiwa baki. Gudawa ruwan gishiri da sukari na leda da zinc, zazzaɓi kuma a gwada maleriya.

Hajiya kuma kar ki ja da ita, kar ki ce mata "likita yace" a gaban mutane, son jikanta ne yasa take magana kuma a zamaninsu abinda suka gani kenan. Ki samu maigida a ɗaki ki fahimtar da shi, shi ya je ya ce mata Hajiya a ƙara masa ɗan lokaci. Ki riƙa kai mata yaron yana wuni, ki ba ta kununsa ta ba shi da hannunta, in ta ga ana yi da ita maganar yayen zata lafa. Facalarki ma ba lallai da gayya take yi ba, kar ki bari abin yara ya shiga tsakaninku, su gobe tare zaki gansu suna wasa.

Kuma tun yanzu ki fara kwashe kaya, don ranar da ya saki hannu ba sanarwa zai yi ba. Rijiya a rufe da murfi mai nauyi, bokitin ruwa kar a bar shi a buɗe, kananzir da fetur kar a zuba a robar lemo, maganin ɓera da na sauro a sama, fulas ɗin ruwan zafi da wayar caja nesa da hannunsa. Ranar kuma ki rubuta kwanan watan a bayan katinsa na asibiti, ni haka nake wa nawa, haƙorin farko, zama, tafiya, kalmar farko, yana da daɗin dubawa daga baya kuma in likita ya tambaya ba sai kin tsaya tunani ba. Mu a gidanmu in yaro ya taka ana soya ƙosai ko waina a raba wa yaran maƙwabta sadaka, Hajiya ki bar mata wannan hidimar zata ji daɗi.

Wata mai zuwa zai cika wata 15, lokacin allurar ƙyanda ta biyu kenan, mutane da yawa suna tsayawa a ta wata 9 su ɗauka an gama. In kin je ki ce a ɗora shi a sikeli, a auna damtsensa da tef ɗin nan mai kore da ɗorawa da ja, ki tambaya ko lokacin bitamin A da maganin tsutsar ciki yayi, sannan ki sauke shi ƙasa ya kama benci ya miƙe ma'aikaciyar ta gani da idonta. Ki dawo ki faɗa mana nauyinsa da abinda yake ci a rana, sai in ga ko akwai abinda zan ƙara miki a kan kunun. Allah ya raya mana shi.