Silin ɗin Tiepolo da ka tambaye ni

Yarona, hoton silin ɗin da ka turo min kana tambaya wai wane irin fenti ne ya yi shekaru fiye da 250 bai ɓare ba, mu namu damina biyu ya fara kumbura. To wannan aikin Giambattista Tiepolo ne, mutumin birnin Venis a Italiya, an haife shi 1696, ya koyi sana'a a hannun ogansa Gregorio Lazzarini. Silin ɗin kuma na saman matakalar fadar Würzburg ne a Jamus, ya gama shi a 1753, faɗinsa ya kai wajen murabba'in mita 600.

Ba fenti ba ne irin namu na bokiti. Mu sai filasta ta bushe ƙarau muke shafawa, fentin ya zauna a sama kamar riga, danshi na shiga sai ya tuɓe. Shi kuwa a kan ɗanyar filasta yake zanen, filastar farar ƙasa da yashi, babu siminti, kalar ma gari ce da ake damawa da ruwa kawai, filasta ta tsotse ta, in farar ƙasar ta sha iska ta koma kamar dutse sai ta kulle kalar a cikinta, kaga kala da bango sun zama abu ɗaya kenan, me zai ɓare? Fresko suke ce masa.

Amma fa wahalarsa ita nake so ka gane. Da safe mai cokali, wato mai yin filasta, zai shafa iya wurin da za a gama a ranar, suna kiransa giornata, wato aikin yini, kafin ya bushe dole hannu ko fuska ko gajimaren ya kammala, in ka yi kuskure sai dai a kankare filastar a sake. Sannan kala na ƙara haske in ta bushe, abin da idonka ya gani da safe ba shi za ka gani bayan sati ba, dole ka san wannan tun kana damawa.

Ana ta yabon saurin hannunsa, ni wallahi shirinsa ya fi burge ni. Kafin ya hau katako ya riga ya zana aikin a ƙaramin ƙyalle da fentin mai, ya nuna wa wanda ya ba shi aikin ya amince, ya lissafa yadda mai hawa matakala zai gan shi daga ƙasa. Shi ya sa nake hana ka buɗe bokiti kafin ka auna bango ka gwada kala a lungu. Kuma ba shi kaɗai yake yi ba, 'ya'yansa Giandomenico da Lorenzo suna tare da shi, da su ya tafi Madrid a 1762 aikin fadar sarki yana da shekara 66, can ya rasu a 1770.

Gobe ka zo da wuri, akwai ragowar farar ƙasa a shago, za mu gwada a bulo ɗaya ka gani da idonka.