Hitoci suna zafi amma famfo ruwan sanyi yake bayarwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni 'yar Kano ce amma a Bradford muke zaune a Ingila ni da maigidana da yara, gidan haya ne tsoho sosai irin na jan bulo ɗin nan da ake jerawa. Tun satin da ya wuce ruwan zafi ya ɗauke mana, na wanka da na kicin duk sanyi ƙalau, amma abin mamaki hitocin bango suna zafi lafiya lau. Akwai wani babban tanki a kabad ɗin sama kusa da bayi. Wani ya zo ya duba ya ce wai boilar ce ta tsufa sai an sa sabuwa, lanlod ɗin kuma ya ce ba shi da kuɗi yanzu. Da buta nake dafa wa yara ruwan wanka, alwalar asuba kuwa ba a magana. Dan Allah ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da haƙuri, wannan abu a lokacin sanyin Ingila da ƙananan yara ba ƙaramin jarabawa ba ne. Amma ki kwantar da hankalinki, a cikin bayanin da kika yi akwai abin da ya faranta min rai, wato hitoci suna zafi. In dai hitoci na zafi to boila tana kama wuta tana dafa ruwa, famfon da ke tura ruwan ma yana aiki. Don haka maganar wai sai an canza boila ni ban yarda da ita ba, wanda ya faɗa ko dai bai duba da kyau ba ko kuma ciniki yake nema.

Bari in yi miki bayanin yadda tsofaffin gidajen nan suke. Ruwan da boila ke dafawa ba shi ne kike wanka da shi ba. Shi wannan zagayawa kawai yake yi a bututu, wani ya bi ta hitoci wani kuma ya shiga cikin tankin nan na kabad ta wani murɗaɗɗen bututun tagulla, zafinsa ne ke ɗumama ruwan da ke cikin tankin, su biyun ba sa haɗuwa. To matsalarku tana kan wannan hanya ta biyu, tsakanin boila da tanki.

Ki fara da abin da ba ya cin ko sisi. Akwai agogon saiti, yawanci a kicin ko kusa da tankin, yana da ɓangaren hitoci daban na ruwan zafi daban, sau da yawa in wuta ta ɗan ɗauke ko yaro ya taɓa sai saitin ya goge, ki mayar da ɓangaren ruwa kan kunnawa na dindindin ki jira kamar awa ɗaya. Sai ki buɗe kabad ki duba jikin tankin daga ƙasa-ƙasa za ki ga wata 'yar na'ura an ɗaure ta da igiya mai lambobi a jiki, ita ke faɗa wa boila ruwa ya huce. A kan 60 ya kamata ta tsaya, wato digiri 60 na ma'aunin Celsius. Kar a rage ta ƙasa da haka don tsimin gas, saboda ƙwayar cutar Legionella a ruwa mai ɗumi-ɗumi take yaɗuwa, 60 ɗin ce ke kashe ta. Ki juya ta a hankali sama da ƙasa, in kin ji ƙas to tana da rai.

Inda na fi zargi shi ne bawul mai mota. A nan kusa da tankin za ki ga ƙaramin akwati na ƙarfe ko roba a kan bututu da waya a jiki, da yawansu na kamfanin Honeywell ne, wasu gidajen guda ɗaya ne mai baki uku wasu kuma biyu ne, ɗaya na hitoci ɗaya na tanki. Shi ne mai buɗe wa ruwa hanya, kuma 'yar motar da ke cikinsa tana ƙonewa ko ta maƙale in ta daɗe. Gwajin ba wuya, a kunna ruwan zafi a saiti sai maigidanki ya taɓa bututun a hankali kafin bawul da bayansa, in kafin bawul da zafi bayansa kuma sanyi to an kama ɓarawo. A gefen akwatin akwai ɗan hannu da ake turawa a maƙale shi a buɗe, in aka yi haka alhali hitoci na kunne yawanci tanki zai ɗauki zafi, wannan dabara ce ta wucin gadi kawai kafin mai gyara ya zo. Kan bawul ɗin, wato akwatin da motar ke ciki, shi kaɗai ake canzawa a mafi yawan lokuta ba ma sai an zubar da ruwan bututu ba, kuɗinsa bai kama ƙafar na sabuwar boila ba.

In gidan ya tsufa sosai har babu bawul ɗin ma, to a leƙa saman silin. Tankuna biyu ne a can, babba na ruwan famfo da ƙarami wanda ke ƙara wa bututun boila ruwa. Ƙaramin yana da ƙwallo mai rufe ruwa irin na tankin masai, in ya shekara bai motsa ba sai ya ƙage, tankin ya bushe ba wanda ya sani, iska ta shiga bututu, kuma ruwan zafi ne ke fara ɗaukewa. A ɗan danna ƙwallon a ga ko ruwa zai zubo. A taka kan katako kawai a can sama, silin ɗin ba ya ɗaukar mutum.

Yau ɗin nan ma za ki iya samun ruwan wanka insha Allahu. Yawancin tankunan nan suna da hitar lantarki a cikinsu mai ƙarfin kilowat 3, makunninta na bango a cikin kabad ko a bakinsa, mutane da yawa sun shekara a gida ba su san aikinsa ba. Ki kunna awa ɗaya zuwa biyu ki kashe, don tana shan wuta sosai, musamman in mitar kati kuke da ita.

Abin da nake roƙonku da shi, kar maigida ko wani abokinsa mai "na iya" ya kwance murfin boila. A dokar ƙasar wanda ke cikin rajistar Gas Safe ne kaɗai ke taɓa kayan gas, kuma suna da kati mai hoto, ki ce a nuna miki ba rashin kunya ba ne. Tsohuwar boila tana iya fitar da hayaƙin da ba ya wari ba a ganinsa amma yana kisa, in babu ƙararrawarsa a gidan a sa yau. In kuka ji warin gas ku buɗe taga ku fita ku kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Shi kuma lanlod, rashin kuɗi ba hujja ba ce. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora masa gyaran kayan ɗumama gida da na ruwan zafi, kuma dole ne duk shekara ya kawo mai Gas Safe ya duba ya ba ku takarda. Na san halinmu da kawaici, muna jin nauyin matsa wa mutum, amma hakkin yaranki ne. Ku daina yi masa magana ta baki kawai, ku rubuta masa saƙo da kwanan wata ku faɗi ranar da ruwan ya ɗauke da cewa akwai ƙananan yara, ku gaya masa ma kuna zargin bawul ne, wataƙila in ya ji gyaran ba tsada zai yi saurin turo mutum. In ya ci gaba da jan ƙafa ku kai ƙara sashen lafiyar muhalli na kansil ɗin Bradford, suna da ikon tilasta masa.